Shekarar da Na Cinye Rumbuna

Bana na karanta littafi arba'in da ɗaya. Ba alfahari nake yi ba, ku tsaya ku ji dalili. A farkon shekarar nan likitan ido a Kano ya gama haska ni da 'yar fitilarsa, ya ajiye ta, ya ce, "Malam, hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana ɓarna. Magani zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi." Na tambaye shi saura yaushe. Ya ce Allah ne masani, sai dai in akwai abin da nake son gani, in gan shi bana. Shekara talatin da biyar ina koya wa 'ya'yan mutane karatu a firamare, ina cewa in na yi ritaya zan zauna in yi nawa. Ga ritayar ta zo, ido kuma ya ce shi ma ya gaji. Na hau mota muka kamo hanyar gida Tiga. Kakata kawai nake tunawa, Iya, wadda ta haifi babana, don ita ma da makanta ta ƙare.

Mu asalinmu manoma ne. Da ruwan dam ya ci garinmu aka kwaso mu aka zube a sabon wuri, sai iyayenmu suka koyi su, wato kamun kifi, ƙarfi da yaji. Iya ba ta taɓa yafe wa kifi ba. Takan ce abincin da ba a shuka shi ba bai san mutuncin kowa ba. Duk da haka ita aka bar wa tsaron banda, don hancinta ya fi idon kowa a gidan. Tana zaune za ta ce, "Ku juya tarwaɗar can ta gefe, ta fara ƙuna," a duba a tarar haka ne. Da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye ta, mu jikoki bakwai ko takwas, hayaƙi na sa mu hawaye, kowa na fakon guntun kifin da zai faɗo daga raga. Ni take kira maigidanta, kuma kullum sai ta yi min gorin cefane.

"Maigidan da bai san hanyar kasuwa ba, matso nan in ji ɗuminka. To, ga ta nan tafe, ku buɗe mata ƙofa."

Mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo, Iya, an yi mata shimfiɗa."

Tatsuniyoyinta ba su kai ashirin ba. Juya su take yi, mu kuma ba ma gajiya. Wadda muka fi roƙo ita ce ta Tanimu, wani manomi mai ganin ya fi kowa wayo. Wai malamin garinsu ya ce baɗi za a yi fari, kowa ya yi tanadi. Tanimu ya zauna ya yi dogon tunani. Rumbu dai gara na ci, ɓera na ci, ɓarawo na fasawa, gobara na lashewa. Wuri ɗaya ne ba mai iya shiga, shi ne ciki. Sai ya sa matarsa daka ba dare ba rana. Tuwo da safe, fura da hantsi, dambu da rana, yana ci yana cewa, "Ajiya nake yi." Wata tsohuwa maƙwabciyarsa, wadda ta zuba iri ƙwarya guda a tulu ta liƙe bakin da laka, ta leƙo ta katanga ta ce, "Tanimu, ko iri ba za ka rage ba?" Ya shafa tumbi ya ce, "Irin ma yana nan ciki." A nan Iya kan kumbura kumatu ta nuna mana yadda ƙofar ɗaki ta riƙe shi.

Fari ya zo. Kwana biyu kacal cikin Tanimu ya fara ƙugi. Ya dafa shi ya ce, "Kai ciki, ina ajiyata?" Iya sai ta ƙanƙance murya ta ce, "Wace ajiya? Ni hanya ne, ba masauki ba." Mu kuwa har da birgima a ƙasa.

Na taɓa tambayarta yadda Tanimu ya ƙare. Ta ce, "Mutuwa ya yi mana, da me kake so ya yi? Ku tashi, ta ƙare, ɓera ya tafi da kanta."

Abin haushi, ina tune da wannan labari tsaf na yanke shawarar cika kaina da littattafai kafin duhu ya zo. Limamin unguwarmu, wanda tare muka tashi, ya ce min, "Malam, da hadda ka kama. Ko izu uku ka ƙara a kan abin da kake da shi, ai sun ishe ka hira da dare." Na ce masa hadda ta mai lokaci ce, ni sauri nake yi. Na bi abokan aiki na da ina aro. Wani direba mai zuwa Kano ya riƙa kawo min tsofaffi daga kasuwa. Tarihin garuruwa, labaran soyayya, littafin kiwon kaji, wani ƙaton labarin Turawa na mutanen da jirgin ruwa ya nutse da su, ban zaɓa ba, duk abin da ya zo hannu haɗiya nake yi. Daga hantsi zuwa la'asar ina ƙofar gida inda haske ya fi, da gilashin ƙara girman rubutu a hannu. In na rufe wannan, ko numfashi ba na yi zan buɗe wancan.

Da damina 'yata da ke aure a Tudun Wada ta haihu. Na je suna da littafi a aljihu. Aka miƙo min jaririyar, na yi mata addu'a, na mayar. Matata Ladi ta ce, "Malam, ka ɗago ka dube ta da kyau mana." Na ce, "Na gan ta, Allah ya raya." Ban gan ta ba. Yau in an ce in faɗi kamar wa ta ɗauko, ban sani ba, kuma wannan ya fi komai ci min rai.

Yanzu gefe da gefe duk ya rufe, kamar mai leƙe ta hujin zana nake ganin duniya. Littafi na arba'in da biyu na buɗe shi makon jiya, layukan suka ƙi tsayawa, na rufe. Da yamma Ladi na ɓarar gyaɗa a tsakar gida ta ce, "To Malam, an gama karatu. Sai a ba mu labari, mu ma mu ci arziki."

Na gyara zama na ɗauko na masu jirgin ruwa. Na kai inda guguwa ta taso, sai na ji sunan shugaban jirgin ya ɓace min. Na ce bari in ba ta na wata budurwa da ɗan kasuwa, sai ga ƙarshen wani littafin daban ya shigo ciki. Na koma tarihi, na rasa wane gari ne ya ci wane. Ƙarar ɓawon gyaɗa kawai nake ji.

Ladi ba ta yi min dariya ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Bar su, Malam. Ba ni ta Iya, ta mai cin rumbu. Ita ai ba ka taɓa kuskure ta ba."

Na ba ta daga farko har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har muryar cikin na ƙanƙance. Ta yi dariya daidai inda muke yi muna yara. Ni ban iya ba. Da ina yaro na ɗauka Iya na yi mana gargaɗi ne a kan haɗamar tuwo. Sai yanzu na gane ita makauniya ce mai labari goma sha wani abu, kuma don ta yi ta maimaita mana su ne har yau suke da rai. Ni na samu shekara guda ta gani, na cinye ta a tsaye, ban bar iri ba. Abin da zan shiga duhu da shi ke nan: izu biyun da na haddace ina yaro, da labarin wani wawa da ya yi abin da na yi.