Bakan da Gajere Ya Ba da Ajiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga Rajab, shekara ta 1349, Allah Ya karɓi ran taubashina Ummaru Gajere, Sarkin Bakan Dudunni, bayan jinyar da ya ƙi yarda jinya ce.

Gajere, yau wa zan tsokana? Tun muna yara nake cewa bakanka ya fi ka tsawo. Amma duk mai gero tsakanin Dudunni da Mawashi ya ci albarkacin wannan baka. Gadu bai ɓata mana gona ba, kura ba ta kusanci garken Manu Bafillace ba, kuma ba ka taɓa wuce ƙofar tsohuwa da nama a kafaɗa ba ka yanka mata.

Shekarar da Nasara suka ce kowa ya kai makaminsa Kankiya, wasu suka tura nasu cikin rumbu. Kai ka ƙi ɓoye naka, don dogarai sun ce ajiya ce har ƙasa ta lafa, kuma a wurinka ajiya ba ta ɓata. Ka shafe bakan mahaifinka da man shanu, ka kwance tsirkiyarsa kamar yadda maharbi ke yi da damina, ka miƙa shi da hannu biyu. Ina tsaye ka ce wa dogarin, "Ɗan nan, rataye mani shi, kak ka aje shi ƙasa gara ta ci."

Masu gaskiya suka kai nasu, ɓarayin shanu ba wanda ya kai. Manu ya kaɗa sauran garkensa ya bar mu. Kai kuwa kana tsaron gona da gora, kana koya wa ɗanka Mamuda ɗana kibiya da karan dawa, wai kada ranar ta zo hannunsa bai iya ba. Wasiyyarka ɗaya ce, ya je ya karɓo gadonsa.

Ya je Kankiya bayan addu'ar bakwai. Wani tsohon dogari ya ce masa an cinna wa tarin makaman wuta tun ranar da aka karɓe su, kafin mu iso gida.

Ina kewarka ƙwarai, Gajere. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba matarka Sa'a da Mamuda da dukan maharban ƙasar Kusada haƙuri. Na kuma gode Masa da Ya ɗauke ka kana sa rai, ba ka ji wannan labari ba.