Hotunan Kawu da Na Rantse Suna Ajiye

Shekarun baya, ina sabuwar gama karatu, na samu aiki a wani ƙaramin kamfani a Wad Madani, nan ƙasar Sudan. Aikinmu shi ne mu shiga shagunan magani da ɗakunan gwaji da ofisoshin 'yan kasuwa, mu haɗa musu kwamfuta, mu tsara musu yadda za su riƙa ajiye kwafin bayanansu saboda ranar da na'ura za ta mutu. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Duk inda na zauna sai na yi wa'azin kwafin ajiya, har wata rana mahaifiyata ta ce da ni, "Ke ko gaishe ki aka yi sai kin tambayi mutum ina ya ajiye ta biyu."

Ƙanen mahaifiyata yana da shagon hoto a Suki, bayan kasuwa. Ya fi shekara talatin yana wannan sana'a. Tun yana saurayi yake rataya kyamara ya hau keke, daga baya babur, ya bi ƙauyukanmu na bakin kogi. Suna, saukar karatu, dawowar alhazai, ranar tsinkar auduga a gonakin hawasha, 'yan ƙwallo da kofinsu, duk Kawu ne. Da wuya ka shiga gidan Bahaushe tsakanin Suki da Sinnar ba ka ga hoto mai hatimin shagonsa a baya ba. Dodannin hotunan kuwa, na zamanin fim, suna jibge cikin kwalaye a ɗakin baya.

Wani hutu na je na ce masa duk wannan tarin zan mayar masa cikin kwamfuta. Ya dube ni ya ce, "To, bash-muhandisa, ga wuri." Sunan da yake tsokanata da shi ke nan, wato babbar injiniya. Na ari sikana daga wurin aiki, na yi kusan wata biyu ina ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, yana zaune gefena da jabanarsa ta gahawa yana kurɓa, yana gaya mini wannan wane ne, wancan ɗan wane ne, ni kuwa ba na ma saurare. Da na gama sai na sayo faifan ajiya na waje, ɗan ƙarami kamar tafin hannu, na sa wa kwamfutar manhajar da za ta riƙa kwafa da kanta.

"Kawu, abu ɗaya ne aikinku," na ce. "Duk Alhamis ku jona wannan, ku jira koren layi ya cika, ku cire ku tafi da shi gida. Kada ya kwana a shago."

"Kwalayen hwa?"

"Sun gama aikinsu. Ku fitar da su ku samu wuri."

Ya kwashe su ya kai ɗakin shirgi a gida. Damina biyu suka yi a can, gara da danshi suka raba su a tsakaninsu. Da ya gaya mini ma dariya na yi, na ce ai ba komai, komai yana ajiye.

Shi kuwa Kawu bai taɓa saɓa Alhamis ba. Matarsa ta ɗinka wa faifan jakar yadi mai zariya, yana sa shi a aljihun jallabiya kamar laya. Ran da ya tafi ta'aziyya Sinnar ranar Laraba, sai da ya dawo washegari saboda faifai, ya sake komawa.

Ana nan cikin harif na uku, wato damina ta uku, wata ranar Asabar da hantsi, ina ofis sai ga kiransa. Ya ce jiya da la'asar an yi ruwa da tsawa, kahraba, wato wutar lantarki, ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, kwamfuta ta yi wani ƙara ta yi warin ƙonewa, tun daga nan ba ta sake motsi ba. Muryarsa ba ta ko rawa. Ya ce, "Faifan yana nan gida lahiya lau. Shekaranjiya na jona shi."

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce yau ranata ce. Na ɗauki ƙaramar kwamfutata na hau hafla, motar haya, zuwa Sinnar, daga can na kama ta Suki, duk hanya ina shirya jawabin da zan yi wa maƙwabtansa 'yan kasuwa a kan amfanin jin maganar masu ilimi.

Na isa shago, na jona faifan, na buɗe. Hotunan fasfo na makon jiya suna nan. Bukukuwan bana da na bara suna nan. Na nemi jakar tsofaffin hotuna, babu. Na rufe na sake buɗewa. Na rubuta sunanta na bincika. Babu. Sai a lokacin na tuna. Ranar da nake saita manhajar, jakar sababbin hotuna kaɗai na nuna mata. Tsofaffin na zuba su a wani ɓangare daban na kwamfutar, na ce in na gama jera su zan ƙara su, sai hutu ya ƙare na koma Madani. Shekara biyu da rabi Kawu yana jiran koren layi ya cika, ni kuma ban taɓa buɗe faifan na duba abin da ke ciki ba, ko sau ɗaya.

Kawu yana tsaye a kaina ya ce, "Mi ya hwaru, ɗiyata?"

Ban kai ga ba shi amsa ba sai ga sallama. Wata dattijuwa ce daga wani ƙauye na gabas da kogi, ta naɗe cikin farin mayafin tobi, tana riƙe da leda. Ta zauna a benci, aka gaisa, ta buɗe ledar ta fito da wani kwali da ya jiƙe ya bushe ya kumbura. Hoton ɗanta ne, masunci, wanda kogi ya ci shekaru da yawa da suka wuce. Ruwan jiya ya faso rufin ɗakinta daidai inda hoton yake rataye. Ba abin da ya rage sai kafaɗa da wuyan riga. Fuskar ta narke.

"Kai ka ɗauke shi," ta ce wa Kawu. "An ce mini duk ka sa su cikin na'ura. Ka wanke mini wani. Tun jiya nake rufe ido in gan shi, sai in ga ya fara yi mini nisa."

Kawu ya juyo gare ni da murmushi, irin na mutumin da ya san yana da abin bayarwa. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Na ce, "Hajja, ku ɗan ba mu kwanaki, na'urar ta samu matsala." Ta ce ba komai, Allah ya yi albarka, ta tafi.

Da ta fita na durƙusa na gaya masa komai. Na ce laifina ne ni kaɗai, shi ya yi duk abin da aka ce ya yi. Ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. Can ya ce, "Wato duk Alhamis ɗin nan rabin kaya nike ɗauka zuwa gida." Sai na fashe da kuka. Ya ce, "A'a, halas, ya isa, tashi. Kuka ba ya wanke hoto. Ku masu ilimi, in abu ya ƙone ba ku da wani mataki?"

Akwai saura mataki ɗaya. Na ciro faifan cikin kwamfutar da ta ƙone na kai wa wani abokin aikina a Madani, wanda ya ƙware wajen ceto bayanai. Ya yi kwana tara a kansa, ya canza masa allon da ya ƙone da na wani irinsa, ya lallaɓa ya tsamo abin da ya tsamu. Bai kai rabi ba. Wasu ma rabin hoto ne, rabin toka. Na bi su ɗaya ɗaya ina neman masuncin nan, da Kawu a waya yana kwatanta mini shi. Ba ya ciki.

Na koma Suki jiki a sanyaye. Na tarar da Kawu yana goge baburinsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ke kin ce kowane abu a yi mishi na biyu a kai wani wuri. To ni ai tun kahin a haihe ki nike yin haka. Wane hoto na ɗauka ban ba mai shi ba? Suna nan gidajen mutane. Aro sikanarki."

Haka muka fara. Duk Juma'a in taso daga Madani da sassafe, in hau bayan baburin Kawu da sikana a cinya, mu nufi ƙauye ɗaya. Bayan an idar da salla liman ya sanar cewa duk mai hoto da hatimin shagon Kawu ya kawo a ɗauka a mayar masa nan take. Mu shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar nim, mu ja waya daga shagon da ke da sola. Na zaci mutum goma za su zo. Ranar farko sai da magariba ta tashe mu.

Mata suka riƙa fito da hotuna daga ƙasan shanta, wato akwatin kaya, daga cikin kwanukan jere, wasu a naɗe cikin ɗankwali suna ƙanshin turaren wuta. Kowane hoto da labarinsa, kuma ba mai yarda a ɗauka sai an saurara. Wannan karon na saurara, na kuma rubuta: sunan mutum, sunan mahaifinsa, ƙauye, da abin da ake yi ranar. Wani dattijo mai gemu, na sahun gaba a masallaci, ya rantse bai taɓa ɗaukar hoto ba a rayuwarsa. Bayan la'asar sai ga matarsa ta aiko da shi cikin kwano a rufe kamar abinci: ga shi nan da tulin gashi da wando sharliston mai faɗin ƙafa, ya dafa rediyo. Ƙauyen ya yi mako yana dariya.

Duk inda muka je Kawu sai ya tambayi masunta. A Juma'a ta bakwai, a wani ƙauye da sai da muka tsallaka da kwalekwale, wani mutum mai furfura ya miƙo hoto ya ce, "Wannan ranar da munka kama babban giwan ruwa ne." Maza huɗu ne a bakin kogi sun tallafo kifi. Kawu ya karɓa, ya matso da shi kusa da ido, ya ɗora yatsa a kan na biyu daga hagu. Sai ya miƙo mini: ɗan dattijuwar nan ne. Mutumin ya ce, "Allah ya jiƙan shi, tare munka tashi."

Na yanko fuskarsa, na gyara, muka wanke babba muka sa a gilashi. Da kanmu muka kai wa dattijuwar. Tana zaune a angare, gadon igiya, a tsakar gida, ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo. Ta shafa gilashin da gefen tobinta duk da ba ƙura a kansa. Sannan ta ɗago ta harari Kawu.

"Ka gani? Nan yana dariya. Wancan da ka ɗauka a shago ka sa shi ya ƙame kamar soja. Wannan shi ne ɗana."

Kawu ya ce, "Hajja, a gahwarce ni, lokacin ban iya ba." Muka yi dariya mu uku, kowa yana share ido.

Ba mu dawo da komai ba. Akwai hotunan da masu su suka tashi, akwai waɗanda suka lalace tun tuni, waɗannan sun tafi ke nan. Amma daga nan na sake tsari. Kwafi uku: ɗaya a gidan Kawu, ɗaya a wurina, ɗaya a intanet. Kuma duk farkon wata sai na buɗe na zaɓi hoto na dawo da shi na gani da idona. Duk wanda na yi wa aiki tun daga lokacin, ba na barin shagonsa sai mun goge wani abu da gangan mun dawo da shi tare. In ya ce ai ya yarda da ni, sai in ce kada ya yarda, akwai wanda ya taɓa yarda. Koren layi ba shaida ba ne. Abin da ba ka buɗe ka gani ba, ba ka ajiye shi ba, zato kawai kake yi.

Kawu bai taɓa goranta mini ba, ko a gaban mahaifiyata. Wannan ya fi koya mini hankali fiye da faɗa.

Da yaƙi ya zo ya tashi mutanenmu, shagon ya rufe, kowa ya fita da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Kawu yana Gadarif yanzu wurin 'yarsa, idonsa ya yi rauni. Hotunan kuwa suna nan. Ba a mako sai wani ya nemo lambata, daga Kasala ko Bur Sudan ko Masar, ya ce ko akwai na mahaifinsa. In rubuta suna in nemo in tura.

Kwanan nan wani bawan Allah ya nemi na mahaifiyarsa. Na samo, na tura. Sai ya aiko da saƙon murya, ba komai a ciki sai numfashi, can ƙarshe ya ce, "Ita ce." Na kira Kawu na gaya masa sunanta da ƙauyensu. Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Na tuna ranar," ya ce. "Da ƙyar ta zamna. Ta bar tuwo bisa wuta."