Direban Tifar da Na Ƙi Kira Yayana

Har gobe ba na mance ranar da muka shiga wani ƙauye a bayan Abare da ayarin kwashe ƙasa, bayan gubar dalmar nan ta 2010 da ta yi ta kashe yara a ƙasar Anka. Ku da kuka kama aiki daga baya, kuna ganina da furfura kuna cewa Baba Isa mai gaskiya. To, ku ji abin da mai gaskiyar ya aikata.

Ga yadda aikin yake. Mutane na niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Mu sai mu kankare ƙasar sama, mu ɗura a buhu, tifa ta kai rami can bayan gari, ta dawo da ƙasa mai tsabta. Ni ne shugaban ayari, da leburori da direba ɗaya a ƙarƙashina. Direban nan shi ne Bitrus, yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu mutanen wajen Zuru ne, gidan Kirista. Ni na musulunta ina makaranta a Gummi, shi ya tsaya kan addininsa, bai kuma taɓa canja mini fuska ba. Da Inna ta yi fushi ma, shi ya yi ta lallashinta.

Ƙa'ida ce kafin a taɓa gidan kowa, sai an gabatar da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya gaban dattawa, don gidajen matan aure za a shiga. Da na zo kan Bitrus, wani dattijo, Malam Hassan, ya dube shi ya dube ni. Mun yi kama kamar an tsaga kara.

"Wanga fa, ɗan'uwanka na?"

Na raya a raina cewa in sun ji daga gidan da na fito za su hana mu shiga. Ƙarya nake yi wa kaina, wallahi girmana nake tattali, ba aikin ba.

"A'a, Malam, direba ne kawai, ɗan wajen garinmu."

Bitrus ya juya ya nufi tifarsa. Daga ranar ya koma kirana Oga, har wata huɗun da muka yi a can.

Mutumin da na ɓoye ke nan. Ba ya tada mota sai ya rufe ido ya yi addu'a. Ran Lahadi ya ari babur ya tafi coci a Anka, ya dawo yana 'yan waƙoƙinsa ƙasa-ƙasa. Azumi ya same mu a bakin aiki, rana kamar ta dafa mutum, amma bai taɓa kai ruwa baki a gaban leburori ba. In yaro ya fara jijjiga, shi ke sa shi da uwarsa a gaban tifa ya nufi asibiti, ba ya jiran izinina. Kullum ina cewa gobe zan ba shi haƙuri. Aiki ya ƙare, aka mayar da ni Bukkuyum, muka ci gaba da zumunci, bai taɓa tada maganar ba, ni kuwa na laɓe a bayan shirunsa.

Bara ya rasu bayan gajeriyar jinya. Mutanen cocinsu suka yi masa jana'iza. Kwana uku da binne shi, muna zaune a ƙofar gida, sai ga babura biyu. Malam Hassan ne da wasu dattawa, duk sun yi buɗu-buɗu da ƙasar hanya.

Ya kama hannuna ya ce, "Allah shi ba ka haƙurin rashin yayanka."

Na ce, "Malam, yaushe kuka sani?"

"Haba Isa! Tun randa kunka zo. Da la'asar munka tambaye shi, yac ce shi ba ya ƙarya, addininai ya hana. Yac ce kai ƙanenai na, amma don Allah kada mu nuna maka, kada ka ji kunya gaban leburorinka. Nan munka ce wanga mutum ana iya barinai shiga gida. Don shi munka buɗe muku ƙofa."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ina ma ƙasa ta tsage in shige. Ina zaton ni ke ɓoye shi, ashe shi ke rufa mini asiri, gari duka na kallona suna gaishe ni da ranka ya daɗe.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Mutanen ƙauye ba wawaye ba ne, kawaici ne da su, kuma halin mutum suke aunawa kafin su bar shi ya taka tsakar gidansu. In an tura ku gabatar da ayari, ku faɗi kowa yadda yake. In kuma kun yi wa wani laifi, ku nemi gafara tun yana iya amsawa. Ni har ƙasa ta rufe idon Bitrus ban ce masa ya yafe mini ba.