Kocin da Ya Juya wa Fili Baya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan jiya, ina tsakar jera robobin atisaye ƙaninka ya tsallako filin ƙwallo ya ce mini ka cika. Usur na bakina. Ban iya cire shi ba sai da ya maimaita.

Shekaru muka yi muna raba fili ɗaya, kai da yaranka a gabas, ni da nawa a yamma. Kana kirana Sajan saboda layi da usur, ni ina kiranka Mai Bokiti. Za ka kife bokitin nan a bakin fili, ka jefa wa yara ƙwallo, ka zauna ka juya musu baya kana kallon katanga. Na sha ce maka wannan lalaci ne da aka ɗaura wa rawani. Kai kuma ka ce yaron da ke duban koci kafin ya buga, ƙafar koci yake ara. Da kunne kake bin wasa. Daga ƙarar bugu kake gane wanda ya tsorata, ka kira shi gefe ba tare da ka waiwaya ba.

Har yau ban yarda da kai ba, kada ka ɗauka mutuwa ta ba ka gaskiya. Yaranka ba su san tsayuwa a gurbi ba, mai tsaron gidanka ma yakan fita yawo. Amma alherinka ba na musu ba ne. Lokacin da iyalina ta kwanta asibiti, kai ka riƙe mini yara ba tare da na roƙa ba, ka dawo mini da su suna buga ƙwallo da dunduniya suna dariya. Na sha wuya kafin na gyara ɓarnarka. Yaron da na kora saboda ya ƙi bin layi, kai ka ɗauke shi, ka ɗinke masa takalmi da hannunka. Shi ne kyaftin ɗinka yanzu.

Bayan sadakar bakwai, kwamitin fili ya danƙa mini yaranka da sharaɗi. Akwai wasa ranar wata Asabar, bayan mako uku. In sun nuna tsari, su zauna. In ba haka ba, a rushe ƙungiyar a ba manyan 'yan ƙwallo gefenka.

Na jera su, na hura usur. Abokina, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Suna bin umarni, ba gardama, amma kamar masu tafiya cikin barci. Ƙwallo ta wuce ta gaban yaro ya bi ta da ido. Babu dariya, babu zagi, ko ƙarar numfashinsu ba ka ji. Kuma duk wanda na yi wa tsawa ba ni yake kallo ba, wurin da gindin bokitinka ya kashe ciyawa yake kallo.

Jiya da la'asar takaici ya ishe ni. Na ce su yi abin da suka ga dama, na je na tsaya a gurbin bokitin nan na fuskanci katanga, don kada su ga idona. Can sai fili ya farka a bayana. Na ji gudu, na ji ƙwallo na yawo ƙafa zuwa ƙafa. Sai wasa ya tsaya cak, ba wanda ya hura komai, na ji muryar kyaftin dab da kafaɗata yana cewa, "To, Baba Koci." Ya koma da gudu, wasa ya ci gaba. Ni ban ce uffan ba. Tsikar jikina ta tashi, ga rana ba ta faɗi ba, masu keke na wucewa.

Da aka tashi na tambaye shi wa ya amsa wa.

"Sabo ne kawai, Baba Sajan," in ji shi, yana kwance igiyar takalmi. "Daidai nan yake kirana."

Gobe ne wasan. Shugaban kwamiti zai zauna a gaba, zai ga Sajan, mai layi da usur, ya ba fili baya. Su yi dariyarsu. In na fuskanci yaran nan za su daskare, a ƙwace musu fili, kuma ba zan bari a yi haka a hannuna ba. Zan tsaya har a tashi, komai na ji ba zan waiwaya ba. Ba tsoron ganinka nake yi ba, Mai Bokiti. Tsoro nake in juya in tarar babu kowa.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ka huta. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka da ƙaninka haƙurin wannan rashi, Ya raya yaran da ka bari a fili. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.