Tuwon Hannun Inna Hajjo

Gazali ɗan Kona ne, ɗan manoma, kuma tun yana ƙarami bakinsa ba ya gajiya da tambaya. Da ya ci jarrabawar shiga kwalej aka rasa inda zai zauna a Tasawa, sai wani ɗan'uwan babansa ya kai shi gidan Inna Hajjo, gwauruwa ce da Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba dangin iya ba na baba, amma ta karɓe shi hannu bibbiyu, ta ci da shi, ta wanke masa kaya, har mutanen unguwa suka koma kiransa Gazalin Hajjo.

Ita kuwa Hajjo, wa bai san ta ba? Duk matar da ta haihu a unguwar, ita ke wanke jariri, ita ke dama kunun kanwa. Ranar suna ba a ɗora tukunya sai ta zo. Yara kuwa a zaurenta suke wuni, suna lasar ƙasan tukunya. Abin da aka sani game da ita shi ne daga wajen Issawane aka auro ta, shi ke nan.

Karatu ya kai Gazali Yamai. Ya ɗauki fannin tarihi, ya kuma zaɓi abin da mutane ke kauce wa ambatonsa: maita, da yadda ake jefa wa mutum ita a shekarun yunwa. Ya sha wuya, wallahi. Ya taka ƙauyukan Mayahi har takalminsa ya cinye, tsofaffi na jin inda ya dosa sai su ce rana ta yi, za su gona. Ya dawo Tasawa jiki a sanyaye, yana cewa zai watsar da aikin.

Tausayinsa ne ya buɗe bakin Hajjo. Tana tsince wake ta ce, "Zauna in ba ka abin da kake nema." Ta faɗa masa yadda a wata shekarar fari yara suka yi ta mutuwa a ƙauyensu, aka ce uwarta ce ke kama kurwarsu. Aka fito da ita gaban jama'a, aka sa ta tsallaka wani yaro marar lafiya don ta saki kurwarsa. Yaron bai tashi ba, aka kore su, Hajjo na goye a baya. "Ko mijina bai san wannan ba har ya koma ga Allah," in ji ta. "Ka rubuta, amma kada sunana ya fita."

Ya cika alkawari, a takarda. Ya canza suna, ya canza ƙauye, ga shi kuma da Faransanci. Labarin ya zama ƙashin bayan littafinsa. Malamai suka yaba, aka tafa, aka ce daga yau Dakta Gazali ne, aka ba shi aji a jami'a.

To, baki shi ke yanka wuya. Da ya zo hutu Tasawa, wani gidan rediyon yankin ya gayyace shi hira da Hausa. Ya yi bayani tiryan-tiryan cewa maita ƙazafi ce da yunwa da tsoro ke haifarwa, ya kawo labarin matar da aka kora. Sai wani ya bugo waya yana gardama, wai ai maita a nono ake shanta, duk ɗiyar mayya mayya ce. Ran Gazali ya ɓaci, ya ɗaga murya: "Ƙarya ne! Ɗiyar matar nan ita ta riƙe ni a garin nan, tuwon hannunta na ci har na girma. Ga ni, mi ya same ni?"

Kai, Gazali! Mai karatu har ƙarshen biro, ya manta da sunan da ake kiransa a unguwa. Shi a ransa kare ta ya yi. Ya fito daga rediyo yana jin daɗin yadda ya kashe bakin mai gardama, washegari ya hau mota ya koma Yamai.

Babu wanda ya zagi Hajjo. Yara dai suka daina zuwa zaurenta. Aka yi haihuwa a maƙwabta, ta ji a bakin mutane. Ta aika kunu, aka yi godiya, aka zubar a bayan gida. Labari ya iske Gazali ta waya, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ɗauki waya zai kira ta, ya ajiye, ya sake ɗauka, ya ajiye. Kunya ta riƙe shi har damina ta faɗi, yana tsaye gaban ɗalibai yana koya masu yadda kalma ɗaya ke kashe mutum da ransa.

Ranar da ya daure ya zo, ya tarar da mutane cike a ƙofar gidan Hajjo. Hammadu maƙwabcinta ya shimfiɗa ɗansa a tabarma, zazzaɓi ya sa yaron fizge-fizge. Uwar yaron, Asiya, wadda Hajjo ta wanke da hannunta ranar da aka haife ta, tana kuka tana cewa, "Inna, don Allah ki tsallaka shi. Ba mu ce komai ba, ki dai tsallaka."

Gazali ya san wannan tarkon, ai babi guda ya rubuta a kansa. In ta ƙi, a ce ta riƙe kurwa. In ta tsallaka yaro ya tashi, a ce ta saki. In bai tashi ba, a ce ta cinye. Ya kutsa cikin mutane yana cewa, "Jama'a, ku saurare ni."

Hajjo ta dube shi. "Yi shiru, Gazali. Ka riga ka yi magana."

Ta tattare zanenta, ta dafa bango saboda gwiwa, ta ɗaga ƙafa da ƙyar ta tsallaka yaron. Sannan ta ce da Hammadu, "Na yi. Yanzu ka ɗauke shi ka kai shi likita, kada ka tsaya ko'ina." Suka kwashi yaro suka watse, babu wanda ya iya haɗa ido da ita.

Gazali ya bi ta cikin gida, ya durƙusa, ya ce, "Inna, ki gafarce ni." Ta shiga madafa ta fito da kwano, tuwon gero da miyar kuka, ya yi wa mutum ɗaya yawa nesa ba kusa ba. Har yanzu hannunta bai koyi tuƙa kaɗan ba.

Ta ajiye a gabansa ta ce, "Wanke hannu ka ci. Kai kaɗai ka rage mai cin na hannuna."

Ya yanki loma ya kai baki.