Ƙwan da Ya Yaudari Tanti Safta

Shekara arba'in da ɗaya Tanti Safta, wato Gwaggo Safta, tana yin cukun madarar tumaki a ƙauyenmu da ke kan tudu saman birnin Sibiu, ba wanda ko cikinsa ya taɓa murɗawa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ni ganau ce ba jiyau ba.

Yadda uwarta ta koya mata, haka duk muke yi. Ba a tafasa madara. A daskarar da ita, a tsoma cukun a gangar ruwan gishiri cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi. Gwajin kuwa ɗanyen ƙwai ne: in ya taso saman ruwan, gishiri ya ji, ba cutar da za ta rayu.

Bara Ilinca, matar ɗanta, ta kwanta da zazzaɓi da cikin wata bakwai. Jaririn bai zo da rai ba. Aka ɗebi ruwan gangar cukun da ta ci aka kai birni gwaji, ni na raka Safta jin sakamako.

"Ƙwan fa ya taso, likita," in ji Safta. "Da na ga yarinyar da ciki, ƙara gishirin ma na yi."

"Tanti, wannan ƙwayar cutar ba ta tsoron gishiri," likitar ta ce a hankali. "Da ta ji gishiri da sanyi sai ta tayar da wasu halaye da ke kwance a jikinta, ta yi tauri. Da taurin nan take ratsa cikin mutum da ranta, har ta kai jini."

Safta ta dubi hannuwanta. "Ashe ni na horar da ita."

Muna dawowa ta sa gatari ta farfasa gangar uwarta. Ta bi gida-gida tana roƙon mata su riƙa tafasa madara. To, ka ji inda raina yake ɓaci! Matan da suka yi shekaru suna lashe yatsu a teburinta, su ne masu rufe mata ƙofa. Gherghina, uwar 'yan tsegumi, har ƙofar coci ta ɗaga murya: "Ƙazanta ce kawai, tsohuwa, kar ki shafa mana kashin kaji!" Ƙazanta? Matar da ko cokali sai ta wanke sau biyu?

Yanzu Safta tafasa madarar take yi, amma ba mai saye. Ilinca kaɗai ke ci, a gaban kowa, da gangan.

Jiya na shiga gidan Gherghina aron rariya. Na tarar da ita durƙushe gaban gangarta, tana sakin ƙwai a ruwan gishiri, 'yarta mai tsohon ciki na riƙe mata murfin.

"Kin gani?" ta ce, tana murmushi. "Ya taso."