Rabin Kwanon Ulbosin

Shekara ashirin da biyu ni da Ulbosin muna zama a bakin kwazazzabon Sharin, inda motocin masu yawon buɗe ido ke tsayawa. Ni busasshen cuku nake sayarwa, ita shayi. Ba ta taɓa sauka cikin kwazazzabon ba. Ta ce jajayen duwatsu ne, akwai irinsu a bayan garkenta, kuma gwiwarta ba ta aro ba ce.

Da tukunyar shayin nan ta ɗauki nauyin karatun ɗanta Nurtas a birnin Almati bayan rasuwar mijinta. Hali ɗaya ya rage mata ciniki: ba ta cika kwano. A wurinmu rabi ake zuba wa wanda ake so ya zauna, a yi ta ƙara masa da zafinsa. Cikakken kwano sallama ce. Baƙi ba su sani ba, sai su leƙa kwanon su ɓata rai.

"Ke Ulbosin, cika musu mana, ba surukanki ba ne," nakan ce mata.

"Ji da cukunki, tsohuwa, kafin ya ƙarar da haƙoran mutane."

Bara da kaka sai ga Nurtas ya fito daga wata farar mota, riƙe da 'yar tuta, baƙi goma na bin sa. Ashe aikin rakiyar baƙi ya samu. Shekara uku rabonta da shi sai a waya. Ta goge kwanon da take ɓoyewa a ƙasan akwati, ta zuba rabi, ta miƙa masa da hannu biyu, ta matsa masa a kan benci.

Ya ce wa mahaifiyar tasa, "Apa, cika mini kawai, sauri muke. Sai mun kai bakin kogi mun dawo kafin rana ta yi zafi."

Na ce, "Kai Nurtas, a birni ka baro kunnenka? Ka ji abin da ka roƙa?"

"Haba dai, shayi ne fa."

Ulbosin ta karɓi kwanon ta cika har yana zuba a yatsunta. Ya shanye a tsaye, ya ɗaga tutarsa. Da suka hauro da azahar, ta tagar mota ya ɗaga mata hannu.

Tun ranar kowa cika masa take yi, ciniki kuma ya buɗe. Ni kaɗai take zuba wa rabi, ni ma don ta san ba ni da inda zan je.